Hanyar da Ta Ƙi Nomau

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso."

"Ta zo mu ji ta, ta samu wurin zama."

Wani gari ne can tsakanin dutse da fadama. Hanya ɗaya tak take fita daga cikinsa, ta miƙe gabas. A garin akwai wani manomi, sunansa Nomau. Gonarsa tana jingine da ta wata mata, Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. An haifi ɗan da yatsa shida a hannun dama, shi ya sa ake kiransa Cindo.

Mutanen garin ba sa kafa dutse a iyakar gona, ba sa kafa turke. Gamba suke dasawa, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. In rigimar iyaka ta tashi, dattawa ba sa tambayar kowa, gamba suke zuwa su duba. Sukan ce mutum ya iya ƙarya, amma gamba ba shi da baki balle ya yi ta.

To, Nomau ya san abin da dattawa suka manta. Gamba ba shi da baki, amma ana iya ba shi ƙafa. In damina ta yi tsakiya, ranar da ruwa ya wuni yana zuba kowa yana ɗaki, sai ya ɗauki fartanya ya fita. Sai ya tono gamban da saiwarsa da ƙasarsa. Sai ya matsa da shi taki ɗaya cikin gonar Tasalla, ya dasa, ya tattake. Ruwa ya shafe sawu. Kafin kwana uku gamba ya miƙe kore shar, kamar a nan kakansa ya tsiro.

Bana taki ɗaya, baɗi taki ɗaya.

A shekara ta uku Cindo ya tasa, ya fara riƙe garma. Ran nan ya dawo daga gona ya ce, "Inna, kunyoyinmu sun ragu. Kanyar can, da ina ƙarami a gonarmu take zubar da 'ya'ya. Yanzu a ta Baba Nomau take zubarwa."

Sai ya kai ƙara wurin mai gari. Sai dattawa suka taso da sandunansu, suka zo iyaka. Suka kama gamba suka ja, saiwa ta riƙe ƙasa gam. Sai suka juyo suka ce, "Kai yaro, gamba kake ƙaryatawa ko mu?"

Nomau ya yi murmushi ya ce, "Ku ƙyale shi, ƙuruciya ce."

Daga ranar sunan yaro ya zama Cindo mai ƙaryata ciyawa. A bakin rijiya a faɗa, a dandali 'yan mata su sa shi a waƙa. Da abin ya ishe shi, wata safiya sai ya ɗauki sanda da gora ya bi hanyar gabas. Tasalla ta tsaya a ƙofar gari tana kallo har ya zama ɗigo, har ɗigon ya narke. Bai dawo ba, bai aiko ba.

Nomau kuwa bai fasa ba, sai da taki ya kai bakwai.

Ana nan, ana nan, furfura ta kama shi. Wata kaka, bayan an kai gero rumbu, sai aka ji labarin ayarin masu zuwa hajji a ƙasa. Sun yi zango a bakin kogi, tafiyar wuni guda daga garin, suna jiran ruwa ya janye. Madugu ya ce kwana bakwai za su yi su haye. Sai zuciyar Nomau ta tashi. Ya ce shi ma zai je ya ga Ɗakin Allah kafin ƙasa ta rufe idonsa.

Al'ada ce, mai doguwar tafiya yakan bi gida gida yana neman gafara. Nomau ya bi gari kaf, ya ƙare da gidan Tasalla. Ya same ta tana tankaɗe.

"Salamu alaikum, uwar Cindo."

"Alaikumus salam. Malam Nomau, an ce gabas za a yi?"

"In Allah ya yarda. Na zo ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Me ka taɓa yi mini? Na yafe, Allah ya yafe mu baki ɗaya. In ka isa, ka roƙa mini Allah ya dawo mini da yarona."

Nomau ya ce a ransa, shi ke nan, an wuce wurin.

Da sassafe ya rataya buzu da guzuri ya kama hanya. Wanda ya taɓa barin gida ya san daɗin wunin farko: ƙafa ba nauyi, iska kamar da kai take magana. Ya wuce kuka mai kogo. Ya wuce rijiyar makiyaya, fararen shanu suna kwance kamar gajimare ya sauko hutawa. Rana ta sunkuya, ta yi ja. Ya fara jin ƙamshin ruwa, ya fara jin kukan jakunan ayari. Sai hanya ta ɗan karkata, ya bi ta.

Sai ga shi a iyakar gonarsa.

Ga kanya, ga gamba yana rangaji ko da yake babu iska. Sai ya ji gamban yana waƙa, siririyar murya kamar ta sauro:

"Nomau, Nomau, ina za ka?
Ƙafa na gabas, sawu na nan.
Taki bakwai, taki bakwai,
Wa ya bai wa ciyawa ƙafa?"

A gindin kanyar kuwa ga wata tsohuwa zaune tana kaɗi. Auduga a hannun hagu, mazari yana juyawa a dama. Zarenta yana sauka ƙasa, yana faɗi, yana faɗi, har ya zama hanyar da Nomau yake tsaye a kai.

Ya ce, "Sannu, Iya."

Ta ce, "Yawwa ɗan nan, sannu da dawowa."

"Ban dawo ba, tafiya nake yi."

"Haka duk kuke cewa. Ni ce mai kaɗin hanyoyi. Taka ta yi ƙulli. Duk sanda ka kai ƙullin, sai ta juyo da kai."

"Ƙulli kuma? Ai gari duk ya yafe mini!"

"Tasalla ta yafe maka me?"

"Komai da komai."

Tsohuwa ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Ta ce, "Ka kai mata ƙwarya rufe da faifai, ka ce ta yafe abin da ke ciki. Faifan ta yafe, ɗan nan. Ƙwaryar tana nan."

Nomau ya kwana yana juyi. Da asuba, kafin kowa ya fito, sai ya ɗauki fartanya. Ya tono gamba, ya ƙirga taki bakwai da baya, ya dasa shi inda mijin Tasalla ya dasa tun farko. Amma yanzu ba damina ba ce, babu ruwan sama da zai taya shi. Sai da ya yi ta jigilar tulu daga fadama, bayansa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wuni biyu yana wannan aiki a ɓoye. Ya kuma kwashi damman gero daga rumbunsa ya jingina a bayan na Tasalla, ya sulale.

Sai ya sake kama hanya. Ya wuce kuka mai kogo. Ya wuce rijiyar makiyaya. Wannan karon har ya hango kogi yana ƙyalli kamar an shimfiɗa azurfa, ya hango hayaƙin girkin ayari yana hawa sama a miƙe. Ya ɗaga hannu zai yi kira. Sai hanya ta karkata.

Sai ga kanya, ga gamba:

"Nomau, Nomau, ina za ka?
Ƙafa na gabas, sawu na nan.
Ƙasa ta koma, ƙasa ta koma,
Sunan yaro yana ina?"

Tsohuwa ta ce, "Sannu da dawowa."

Nomau ya jefar da sanda. "Iya, na mayar! Dubi, ko taki ɗaya ban rage ba."

"Na gani, bayanka ma ya gani. Amma gona kaɗai ka ɗauka? Akwai abin da ka ɗauka da rana tsaka a gaban jama'a. Irin wannan ba a mayar da shi da asuba a ɓoye."

Nomau ya ce, "In na faɗa, da wane ido zan dubi mutane?"

Ta ce, "Da irin wanda Cindo ya dube su."

Gari ya waye. Nomau ya tafi ƙofar mai gari, ya roƙa a tara dattawa a iyakar gona, a kira Tasalla. Suka zo da sandunansu kamar wancan karon, sai dai sandunan sun fi jin nauyinsu yanzu. Suka ga ƙasa jiƙe a gindin gamba, alhali an yi wata biyu ba ruwa.

Wani tsoho mai ido ɗaya ya ce, "Af! Ashe gamba na tafiya."

Nomau ya cire hularsa. Ya ce, "Ni na ba shi ƙafa. Shekara bakwai, taki bakwai. Cindo gaskiya ya faɗa. Ni ne maƙaryacin."

Can mai gari ya nisa ya ce, "Mu ma da namu laifin. Ciyawa muka tambaya, muka ƙi tambayar mutum." Sai ya yanke hukunci: iyaka ta tsaya inda ta koma, geron da aka jingina na Tasalla ne, ranar kasuwa kuma a yi shela a wanke sunan Cindo, da bakin Nomau.

Sai Nomau ya durƙusa a gaban Tasalla. "Uwar Cindo, yanzu na buɗe miki ƙwaryar. Ki yafe mini."

Tasalla ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ran nan da na ce ka roƙa mini Allah ya dawo da yarona, kai ka kore shi, ka amsa mini da to?"

"Na amsa."

"Ban yafe ba."

Liman ya matso. "Haba Tasalla, Allah yana son mai yafiya."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, da ɗanka ne fa?"

Liman ya gyara rawani, ya ja da baya. Jama'a suka watse.

Nomau ya ce ai ya yi abin da aka ce. Sai ya kama hanya karo na uku. Ya wuce kuka, ya wuce rijiya, har ƙafarsa ta taɓa yashin bakin kogi, mai sanyi. Sai hanya ta karkata. Wannan karon gamba bai yi waƙa ba. Tsohuwa ma ba ta yi masa ba'a ba. Ta ce, "Naka ka gama. Ɗaya bakin zaren yana hannun Tasalla." Sai ya shimfiɗa buzunsa a gefensa na iyaka, ya zauna.

Ita kuwa Tasalla, tun da jama'a suka watse tana gona. Tana taka taki bakwai ɗin nan, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kamar za ta tsinci wani abu da ya faɗi. Da la'asar ta yi sanyi sai ta kama 'yar hanyar gida, wadda ko da ido rufe tana bi. Ta hango dangar gidanta, ta ji kukan akuyarta. Sai hanya ta karkata, sai ga ta a gindin gamba.

Ta sake bi, ta dawo. Ta sake bi da gudu, zani a hannu, ta dawo.

Ta dubi Nomau ta ce, "Kai! Bayan gona, asiri kuma ka yi mini?"

Ya ce, "Wanda hanya ta ƙi, ina ya ga asirin da zai yi wa wani?"

A nan ne ta lura da tsohuwa mai kaɗi. A kan cinyarta ga ƙulli ƙato kamar dunƙulen fura, zaruruwa sun shiga juna.

Tasalla ta ce, "Iya, ni me na yi? Ni aka cuta."

"Ke aka cuta, 'yar nan, babu shakka. Shi ya sa ban taɓa hanyarki ba sai da aka mayar miki da naki. Da hannu wofi ya zo, ko uffan ba zan ce miki ba."

"An mayar da gona. An mayar da suna. Shekarun fa? Daren da na yi ina jin motsi in ce shi ne, wa zai mayar?"

"Zaren da ya shiga saƙa ba ya komawa auduga. Ba sa wurinsa. Ko kin tsaga cikinsa ba za ki same su ba."

"In na yafe, ai ya ci bulus."

Tsohuwa ta nuna Nomau da haɓa. Yana zaune kai ba hula, dugadugansa sun tsage, idonsa a ƙasa. Ta ce, "Wannan ne ya yi miki kama da wanda ya ci bulus? Ni dai abin da na sani a sana'ata, ƙulli mutum biyu yake ɗaurewa: wanda ya ja, da wanda ya ƙi saki."

Tasalla ta ce, "To mu zauna." Ta zauna a nata gefen, ta juya masa baya.

Suka zauna. Rana ta bi ta kansu, wata ya bi ta kansu, kamar masu wucewa kasuwa. Ba su ji yunwa sosai ba, ba su yi barci sosai ba. Nomau ya tura mata dakuwa daga guzurinsa ta ƙarƙashin gamba, ta turo masa abarsa. Mazari yana ta juyawa, ƙulli yana nan.

Ran kwana na bakwai ɗin da madugu ya ɗiba, da hantsi, sai iska ta kawo wata ƙara daga nesa, doguwa, siririya. Ƙahon madugu ne. Ayari yana haye kogi.

Nomau ya ɗaga kai ya saurara har ƙarar ta mutu. Hawaye ya bi furfurar gemunsa. Sai ya dubi gamban da ya dasa, ya ga ganyensa ya fara lanƙwashewa don ƙishi. Sai ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki tulu ya gangara fadama, don nan kaɗai hanya take barinsa ya je. Ya ɗebo ruwa, ya bi gindin gamba ɗaya bayan ɗaya yana zubawa.

Tasalla ta juyo tana kallonsa. Ta ce, "Ayarinka ya tafi."

"Na ji."

"Kana shayar da iyakar da ta rage maka gona."

"In ta mutu, wani zai ce bai san inda take ba."

"Ba za ka sake roƙona ba?"

Ya ajiye tulu. Ya ce, "Na roƙa sau ɗaya. Hakkinki ne, uwar Cindo. In na matsa miki, wani takin na sake ci."

Tasalla ta miƙa hannu. Ta tsinki ganyen gamba tana murzawa a yatsa. Can ta ce, "Malam Nomau, zuciyata ba ta huce ba, kada ka zaci ta huce. Amma ka kawo duk abin da hannunka zai iya kawowa, ni ma kuma ina da ranar da zan nemi a yafe mini. Na yafe maka nawa, don Allah. Na Cindo kuwa ba nawa ba ne balle in bayar."

Tana rufe baki, sai ƙullin ya motsa a cinyar tsohuwa kamar ɗan tsako a cikin ƙwai. Zare ya zame, wani ya bi shi. Ashe ba biyu ba ne, uku ne. Sai hanya ta yi ajiyar zuciya, ta miƙe sambal har ƙarshen gani.

Can a kanta sai ga ɗigo. Ɗigon ya zama mutum. Mutumin dogo ne, ya rame, da gemu, da gora a kafaɗa. Tasalla ba ta gane fuskar ba. Hannun da ke riƙe da sanda ta duba, ta ƙirga yatsu.

Ta ce, "Cindo?"

Ya ce, "Inna, ni ne. Shekara huɗu ke nan ina kamo hanyar gida. In na hango dutsen garinmu, sai ta karkata ta mayar da ni inda na fito. Yau ne kawai ta bar ni."

Ta riƙe shi tana kuka tana duka, tana cewa, "Ɗan banza, ko saƙo! Dubi wuyanka kamar na zalɓe."

Nomau ya bari sai da kuka ya lafa. Sannan ya matso, ya durƙusa a gaban yaron da bai wuce sa'an ɗan cikinsa ba, ya faɗi komai tun daga takin farko.

Cindo ya ce, "Baba Nomau, bari in sha ruwa tukuna." Ya ɗaga tulun ya sha, ya goge baki. Ya dubi kanya, ya ga 'ya'yanta zube a gonarsu. Ya ce, "A gaban dattawa ka faɗa?"

"A gabansu. Saura kasuwa."

"To ka yi ta kasuwar, ina tsaye. In ka gama, ka tafi. Na san yadda hanya take in ta ƙi mutum, ba na so wa kowa. Na yafe."

Suka waiga su yi wa tsohuwa godiya. Babu kowa a gindin kanya, sai ɗan farin alli a kan saiwa.

Ranar kasuwa Nomau ya hau turmi ya yi shela da bakinsa, Cindo yana tsaye a gefe. Washegari ya rataya buzu ya fita shi kaɗai, ba ayari, ba madugu. Tasalla ta aika masa da ƙullin garin gero, ba ta fito ba. Ya wuce kuka mai kogo, ya wuce rijiyar makiyaya, ya isa kogi. Ya tsaya yana jiran hanya ta karkata.

Ba ta karkata ba. Sai ya naɗe wando ya shiga ruwa.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙusu, wutsiyarsa ta mai gyangyaɗi. In kun ɗauki na wani, ku mayar tukuna, ku kira laifin da sunansa, sannan ku nemi gafara. In kuma an mayar muku da naku, ku saki zaren, don ba ku san hanyar wa take ɗaure a cikin ƙullin ba.